Me ake nufi da "waliyyi majiɓincin ɗalibai"?

A cocin Katolika, waliyyi majiɓinci shi ne bawan Allah da ya rasu, coci ta tabbatar da tsarkinsa, sannan aka danganta masa wata sana'a, ko gari, ko wani rukunin mutane. Mabiya ɗarikar sun ce ba bauta masa suke yi ba, roƙonsa suke yi ya taya su addu'a a wurin Allah. Yawancin Kiristoci 'yan Furotesta ba su yarda da wannan ba, su kai tsaye suke roƙo.

Na ɗalibai da aka fi sani shi ne Toma Akwinas, wanda aka haifa wajen 1225 a Rokaseka, ƙasar Italiya. Ɗan manyan gida ne. Da ya shiga ƙungiyar Dominikan, masu wa'azi da ke rayuwa da sadaka, sai danginsa suka ga abin kunya ne, suka kama shi suka tsare a gida kusan shekara guda. Bai sauya ra'ayi ba, suka gaji suka sake shi.

Ya yi karatu a wurin Albat Babba, wani babban malamin Dominikan, a Faris da kuma Kolon ta ƙasar Jamus. Mutum ne mai jiki, ga shiru-shiru, har abokan karatunsa suka laƙaba masa "beben sa". Ana ba da labarin cewa malaminsa ya ce wata rana duniya za ta ji kukan wannan san. Ni a ganina nan ne dacewarsa da ɗalibai take: wanda aka raina a aji shi ya zama madogarar malamai.

Abin da zai ba mai karatu Bahaushe sha'awa shi ne, Toma ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin, yana kafa hujja da su a kan falsafar Aristotil, masanin Girka na dā, wani wurin kuma ya yi musu raddi. Ra'ayinsa shi ne hankali da imani ba sa karo, tunda tushensu ɗaya. Babban littafinsa, Summa Theologiae, bai kammala shi ba. Ya ajiye alƙalami a Disambar 1273, ya rasu ranar 7 ga Maris 1274. Fafaroma Yohanna na 22 ya ayyana shi waliyyi a 1323, Fafaroma Leo na 13 kuma ya naɗa shi majiɓincin jami'o'i da makarantun Katolika a 1880. Ana bikinsa ranar 28 ga Janairu.

Amma ranar jarrabawa, da yawa wani suke kira: Yusufu na Kufatino, wani waliyyi ɗan Italiya, wanda ya rasu a 1663. Shi karatu wuya yake ba shi, kuma an ce tambaya ɗaya tilo da ya iya ita aka yi masa a jarrabawarsa.