Tsara Horon Ma'aikata ta Intanet

Tsara horon ma'aikata ta intanet fanni ne da ke kula da yadda ake shirya darussan da ma'aikaci zai koya ta kwamfuta ko wayar hannu, ta yadda abin da ya koya zai zauna masa kuma ya bayyana a aikinsa. Ya bambanta da karatun makaranta, domin mai koyon baligi ne da aiki ke jiransa, yakan buɗe darasi a tsakanin hidimomi, kuma sau da yawa hukumar wurin aikin ce ta wajabta masa darasin. Wannan yanayi ne ya sa masana fannin suke duba duk abin da mai koyo ke fuskanta, tun daga shigarsa manhajar har zuwa ranar da zai buƙaci ilimin a bakin aiki.

Asali da bunƙasa

Ana danganta farkon koyarwa da kwamfuta da tsarin PLATO, wanda Donald Bitzer ya fara ginawa a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1960. Masana'antar jiragen sama da rundunar sojin Amurka ne suka yi gaba wajen amfani da irin wannan horo. A 1975 Jami'ar Jihar Florida ta shirya wa sojin tsarin da aka sani da ADDIE, mai matakai biyar: nazarin buƙata, zayyana darasi, gina shi, aiwatar da shi, da kuma tantance sakamakonsa. A 1997 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta kafa shirin ADL na inganta horo ta kwamfuta, wanda ya fitar da SCORM, ƙa'idar haɗa darasi da dandalin horo, a 2000, aka kuma sabunta ta a 2001 da 2004. Manhajar Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, ta sauƙaƙa wa ƙananan hukumomi mallakar dandalin horo ba tare da sayen lasisi ba.

SCORM ta magance babbar matsala, domin ta sa darasi ɗaya yana iya aiki a dandali daban-daban, yana kuma aika rahoton wanda ya buɗe shi, da lokacin da ya ɗauka, da makin da ya ci. Sai dai abin da na'ura ta iya ƙirgawa shi ne ya zama abin da shugabanni suke tambaya a kai, wato mutum nawa ne suka kammala. Daga nan ne aka cika da darussan da ba su wuce shafukan rubutu a jere ba, inda ma'aikaci ke ta danna "gaba" har ya kai ga 'yar jarrabawar ƙarshe, ya karɓi takardar shaida, hankalinsa kuwa yana wani wuri. Mafi yawan sabbin dabarun fannin an ɓullo da su ne don gyara wannan rauni.

Ginshiƙan tsari mai kyau

Malcolm Knowles, wanda ya yi fice a nazarin karatun manya, ya nuna cewa baligi yana son sanin dalilin abin da ake koya masa, kuma yana zuwa da gogewar da ya kamata a girmama. John Sweller ya bayyana a 1988 cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya sarrafawa a lokaci guda ƙalilan ne, don haka duk ƙarin da bai da amfani yana cinye gurbin abin da ake son a koya. A kan wannan tushe Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya gina ƙa'idojinsa: a raba darasi zuwa gajerun sassa da mai koyo zai bi da saurin da ya ga dama, a ajiye bayani kusa da hoton da yake bayyanawa, a cire kiɗa da ado marasa alaƙa da darasin, kuma kada murya ta riƙa karanta rubutun da ke kan allo kalma bayan kalma yayin da ake nuna zane.

Dabarar da ta fi tasiri ita ce sanya mai koyo cikin yanayin da zai yanke shawara. A ɗauki horo kan gane saƙonnin 'yan damfara. Tsohon salo zai jero ma'anoni da dokokin kamfani, sabon salo kuwa zai nuna wa ma'aikaciyar sashen kuɗi saƙon imel mai ɗauke da sunan shugabanta, yana umartar ta da ta tura kuɗi zuwa sabon asusu kafin a tashi aiki. Idan ta zaɓi turawa, darasin zai nuna mata abin da ya biyo baya, sannan ya haska mata harafi ɗaya da aka sauya a adireshin mai aikowa. Idan ta zaɓi kiran shugaban a lambar da ta riga ta sani, labarin zai bi wata hanya. Kuskuren da aka yi a nan ba ya jawo asarar ko sisi, amma yana zama a zuciya fiye da jerin dokoki.

Mantuwa ma ana yi mata tanadi. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa sabon abu yana saurin gushewa idan ba a waiwaye shi ba, kuma binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu ya fi sake karanta shi amfani wajen riƙe shi na dogon lokaci. Shi ya sa ake aika wa ma'aikata gajerun tambayoyi a wayoyinsu bayan kwanaki ko makonni. Ra'ayin nan da ya yaɗu cewa kowa yana da salon koyonsa, na gani ko na ji, kuma dole darasi ya dace da shi, bitar da Harold Pashler da abokan aikinsa suka yi a 2008 ba ta sami isasshiyar hujjar da ke tabbatar da shi ba.

Wajibi ne kuma darasi ya isa ga kowa. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet, sun tanadi rubuta maganar bidiyo a ƙasansa saboda kurame, da bayanin hotuna saboda makafi. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda data ke da tsada kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, darasi mai sauƙin saukewa a waya, cikin harshen da ma'aikaci ya fi fahimta, ya fi bidiyo mai nauyi amfani.

Tantance sakamako

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne na Donald Kirkpatrick na 1959, mai hawa huɗu: gamsuwar mai koyo, abin da ya koya, sauyin da aka gani a aikinsa, da ribar da hukumar ta samu. Hawa biyu na farko suna da sauƙin aunawa, kuma a nan hukumomi da yawa ke tsayawa, alhali na uku ne ke nuna ko horon ya biya buƙata. Ƙa'idar xAPI, wadda ta fito a 2013, ta ba da damar adana bayanin koyon da ya faru a wajen dandalin horo, kamar atisaye a na'urar kwaikwayo ko aikin da mai kula ya duba da idonsa, domin a kwatanta shi da yadda ma'aikacin ke gudanar da aikinsa bayan horon.