Kafin a Yanka Fuloti a Tsohuwar Bola: Abin da Doka ta Ce da Awon da Ake Yi

Birnin Kano na ta cin gonakin Kumbotso, Ungogo, Gezawa da Dawakin Kudu, amma ba kowane filin da ake yankawa ne asalinsa gona ba. Wani tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, wani wurin fasa batirin mota ne da narka dalma, wani kuma fadama ce da ta shekara da shekaru tana shan ruwan majemun Challawa, Sharaɗa ko Bompai. Abin da aka saba shi ne a zubo burji tifa-tifa, a baje, a ja igiya, dillali ya fara kawo masu saye. Burji yana rufe wari da muni, amma dalma da kuromiyam, sinadarin da majemu ke jeme fata da shi, ba sa ruɓewa. Suna nan kwance har ranar da za a haƙa fandisho ko masai ko rijiya.

Dokoki uku na tarayya ne suka fi shafar irin wannan fili. Ta farko ita ce dokar tantance tasirin aiki ga muhalli, wato EIA, ta 1992. Ta wajabta wa mai gina rukunin gidaje a fili mai faɗin hekta 50 ko fiye ya yi bincike ya miƙa wa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin a sa tubali, kuma ana baje rahoton a bainar jama'a kwanakin aiki 21 domin mai ƙorafi ya faɗa. Masu awon igiya na fakewa da cewa nasu bai kai hekta 50 ba. Wannan ba mafaka ba ce, domin dokar ta kuma hana fara duk wani aikin da zai iya yi wa muhalli babbar illa ba tare da an auna illar ba.

Ta biyu ita ce dokar NESREA, hukumar tilasta bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, ta 2007, wadda sashe na 27 nata ya haramta sakin abu mai guba a ƙasa, ruwa ko iska, ya tanadi tara ko ɗauri. Ta uku ta fi zafi: dokar shara mai cutarwa ta 1988, wadda aka yi bayan an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Hukuncinta ɗaurin rai da rai ne, filin da aka zuba gubar kuma gwamnatin tarayya na iya ƙwace shi. Saboda haka wanda ya kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga filinsa ya zube ta a bayan gari bai gyara komai ba, sabon laifi ya buɗe. Takardar dagaci ko ta ƙaramar hukuma kuwa shaidar mallaka ce kawai, ba ruwanta da lafiyar ƙasa.

Awo ana fara shi ne tun kafin motar haƙa ta shigo. A tambayi dattawan unguwa da mai unguwa me aka taɓa yi a wurin, domin amsarsu ce ke nuna abin da za a nema a ɗakin gwaji. Sai a raba filin gida-gida a kan taswira, a ɗebi ƙasa a kowane gida: ta sama daga santimita 0 zuwa 15, inda yara ke wasa, sannan ta ƙasa har zurfin da fandisho da ramin masai za su kai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗe samfurin wuri mai guba da na wurare masu kyau a leda ɗaya. Sakamakon sai ya fito da sauƙi, alhali kusurwar da aka narka dalma tana nan da dafinta. Akwai na'urar hannu ta XRF da ke nuna yawan dalma cikin minti ɗaya ko biyu, amma dole a aika wani kaso na samfuran ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi, a gwada ko na'urar na faɗin gaskiya.

Aikin tsabtace gurɓatacciyar ƙasa da aka yi a Zamfara shi ne misali mafi kusa. Bayan gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010, an bi ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega a 2013. Inda dalma ta haura miligiram 1,000 a kilo ɗaya na ƙasa an kankare an kwashe, inda take tsakanin 400 da 1,000 an rufe da ƙasa mai tsabta.

Ruwa ya fi ƙasa wuyar sha'ani, domin yana tafiya. Ana haƙa rijiyoyin sa ido aƙalla uku, ɗaya a ɓangaren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke fitowa, biyu a inda yake gangarawa. Da rijiya ɗaya ba a gane ko gubar daga filin take ko daga maƙwabta. Kafin ɗiba ana zuƙe ruwan da ya kwana a rijiyar kamar ninki uku na cikinta, a zuba samfurin a kwalbar ɗakin gwaji, a rubuta wuri da lokaci, a sa a kula mai ƙanƙara. Samfurin nau'in kuromiyam da ake kira mai lamba shida, wanda shi ne mai jawo ciwon daji, ba ya son jira. A kai shi cikin awa 24. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta sa iyakar dalma a miligiram 0.01 a lita ɗaya, ta kuromiyam 0.05. Kuma sai an auna da rani an sake da damina. Rijiyar da ta fito fes a watan Maris na iya gurɓata a Agusta, lokacin da ruwa ya taso ya jiƙa sharar da ke binne.

Ranar da aka fara haƙa domin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ita ce mafi haɗari ga maƙwabta, musamman da hunturu. Ana yayyafa ruwa daidai yadda ƙura za ta kwanta ba tare da ya gudana cikin lungu ba, a rufe kowace tifa da tamfol, a wanke tayoyi a bakin fita, a dakata in iska ta yi ƙarfi. Leburori su sa takunkumin da ke tace ƙura, su canza kaya kafin su tafi gida, domin a jikin riga dalma ke bin uba har ɗakin jariri. Kowace tifa a rubuta lambarta da inda ta sauke. Masu ɗibar takin bola zuwa gona za su zo nema; kada a ba su ko buhu ɗaya.

In an gama kwashewa, ba a cike ramin sai an sake auna gindinsa da bangonsa. Ƙasar cikon ma a gwada ta, don an sha sayen ciko daga wata bolar. Inda aka bar gurɓatacciyar ƙasa a ƙarƙashi, ana shimfiɗa raga mai launi kafin a zuba mai tsabta, domin wanda zai haƙa nan gaba ya san ya kai iyaka.

Kududdufin shara yana da tasa matsalar daban. Shara na ci gaba da ruɓewa, ƙasa ta dinga zaunawa, bango ya tsage. Tana kuma fitar da iskar gas ta misen, wadda ke kama wuta in ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki ko ramin masai. Ana kafa bututun awon gas a bibiya wata da watanni kafin a yarda a yi ɗakin kwana a kai. Mai sayen fuloti a irin wannan wuri ya nemi taswirar inda aka ɗebi samfura, sakamakon gwaji na kafin gyara da na bayansa, da awon ruwa na rani da damina. In mai filin ya ce babu, Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ofishin NESREA, ko hukumar kare muhalli ta JISEPA ga mutanen Jigawa, nan ake kai ƙorafi a rubuce.