Edmund Griffith Williamson

Edmund Griffith Williamson (1900–1979) masanin halayyar ɗan'adam ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shugabanci ofishin harkokin ɗalibai na Jami'ar Minisota daga 1941 zuwa 1969. Yana cikin mutanen da suka mai da ba wa ɗalibai shawara aiki mai ƙa'ida, da ake koyonsa kamar yadda ake koyon aikin likita ko na lauya.

An haife shi a garin Rossville na jihar Ilinoyi. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ilinoyi a 1925, sannan ya koma Minisota ya yi digirin digirgir a hannun malaminsa Donald G. Paterson, ya kammala a 1931. Lokaci ne na karayar tattalin arziki, miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi, kuma Paterson da almajiransa sun duƙufa kan tambaya guda: ta yaya za a gane aikin da ya dace da mutum kafin ya ɓata shekaru a wanda bai dace da shi ba? Williamson ya ɗauko wannan tambaya ya kai ta cikin jami'a, inda ya jagoranci sashen gwada basirar ɗalibai.

Tushen hanyarsa shi ne kowane mutum yana da baiwa da sha'awa da hali waɗanda ake iya aunawa, kowane fannin karatu kuma yana da abin da yake nema daga mai yinsa. Aikin mai ba da shawara shi ne ya haɗa biyun. Frank Parsons, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara aikin ba da shawarar zaɓen sana'a a Amurka, ya riga shi faɗin haka a littafinsa da aka buga a 1909, amma Williamson ne ya tsara shi mataki-mataki a littafinsa How to Counsel Students na 1939: a tattara bayanan ɗalibi, a tace su, a gano matsalarsa, a yi hasashen inda za ta kai shi, a zauna da shi a tattauna, sannan a ci gaba da bibiyarsa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne aka fi mantawa da shi, alhali kuwa shi ne ke nuna ko shawarar ta yi amfani.

A 1942 wani masanin halayyar ɗan'adam, Carl Rogers, ya fito da wata hanya dabam, inda mai ba da shawara yake saurare kawai, ya bar mutum ya gano mafita da kansa. Magoya bayan Rogers sun soki Williamson da cewa yana zaɓar wa ɗalibi hanya. Shi kuwa yana ganin wanda ya fi ka sani, in ya ga ka nufi rami ya yi shiru, bai kyauta maka ba. Bahaushen da ya saba neman shawarar malami ko kawu kafin ya yanke hukunci zai fi saurin gane hujjar Williamson, ko da yake sukar ma tana da ƙarfi: gwajin takarda ba ya nuna talaucin gida ko yunwar da ta hana yaro karatu.

Da ya zama shugaban harkokin ɗalibai, ya tara masauki, tallafin kuɗi, ƙungiyoyin ɗalibai da ladabtarwa ƙarƙashin manufa ɗaya, wato jami'a tana da alhakin ɗalibi baki ɗayansa, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba. Shi ne ya shugabanci kwamitin da ya sabunta sanarwar wannan manufa a 1949, lokacin da tsoffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka cika jami'o'in Amurka. A wannan shekarar ya fitar da Counseling and Discipline tare da John Foley, inda suka nuna cewa ɗalibin da ya yi laifi gyara yake bukata kafin a yi maganar kora.

A Damagaram, aikin da Williamson ya haɗa wuri guda a rarrabe yake, bisa tsarin da Nijar ta gada daga Faransa. Ɗalibin Jami'ar André Salifou yana samun ɗakin kwana da abinci ta hannun CROU, ofishin kula da walwalar ɗaliban jami'a, kuɗin tallafin karatu kuma ta hannun ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta ƙasa.

Williamson ya yi ritaya a 1969, ya rasu a 1979. Akwai gini mai suna Williamson Hall a harabar Jami'ar Minisota da ke birnin Miniyapolis.