Ilimin Masu Buƙata ta Musamman

Ilimin masu buƙata ta musamman fanni ne na koyarwa da ke kula da yaran da ajin yau da kullum ba ya biya musu buƙata: makafi, kurame, masu nakasa a gaɓoɓi, masu jinkirin fahimta, har da masu hazaƙar da ta zarce ta tsara. A jami'a ana shiga fannin ne ta kwas ɗin share fage a tsangayar ilimi.

Tarihi

A Faransa fannin ya fara kafuwa. Wajajen 1760 wani limamin coci, Charles-Michel de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame ta kyauta a birnin Faris, inda yake koyarwa da maganar hannu. A tsakiyar shekarun 1780 Valentin Haüy ya kafa ta makafi. A wannan makaranta ce Louis Braille, wanda ya makance tun yana ƙarami bayan ya ji rauni a ido, ya ƙirƙiro rubutun da ake karantawa da yatsa. Ɗigo 6 kacal ake jujjuyawa su ba da alamomi 63. Ya wallafa tsarin a 1829, amma hukuma ba ta karɓe shi ba sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Kurame kuwa koma baya suka gani. A 1880 taron malamansu a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a ajiye maganar hannu, a riƙa koya wa yara magana da baki. Kusan duk waɗanda suka halarta masu ji ne, kuma kurame sun shafe kusan ƙarni guda suna ɗanɗana kuɗar wannan hukunci.

A Najeriya

Tun kafin zuwan boko makafi a ƙasar Hausa suna haddar Alƙur'ani ta hanyar sauraro, kurame kuma suna da tasu maganar hannu. 'Yan mishan ne suka kawo makarantun zamani. An buɗe ta makafi a Gindiri, cikin jihar Filato ta yanzu, a 1953. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan wajajen 1960. Shi ya sa maganar hannun da ake koyarwa a makarantu ta ɗauko tushe daga ta Amurka, ta sha bamban da wadda kuramen Kano ke yi a tsakaninsu. A 1977 aka kafa kwalejin horar da malaman fannin a Oyo, a daidai lokacin kuma makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ta fara aiki a Kano.

Kwas ɗin share fage

Jami'o'in Ibadan, Jos da Bayero na cikin masu sashen wannan fanni. Ɗalibin shekarar farko yakan karanci ire-iren lalurori da sanadinsu, yadda ake gano yaro mai buƙata, da tsara wa kowane yaro shirin karatu nasa. Wanda ya koyi baƙaƙen Braille da na maganar hannu, ya kuma ziyarci makarantar kurame ko ta makafi kafin a fara lacca, ya rage wa kansa wahala sosai.

Saɓani

Sanarwar Salamanca ta 1994, wadda aka fitar a wani taron ƙasa da ƙasa a Sifaniya, ta goyi bayan haɗa dukkan yara a aji ɗaya. Amma kurame da dama sun fi son makarantunsu na daban, inda harshensu ke rayuwa.