Wanda ya sayi fili ya sayi tarihinsa

A 1953 kamfanin sinadarai na Hooker ya sayar wa hukumar ilimi ta garin Niagara Falls, a jihar New York ta Amurka, wani fili a kan dala 1 tak. An rubuta ƙarara a takardar cinikin cewa akwai sharar sinadarai binne a wurin, kuma kamfanin ya zare hannunsa daga duk abin da zai biyo baya. Sharar ta kai kusan tan 21,000. Duk da haka aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara 20 da 'yan kai, baƙin ruwa mai wari ya fara ɓulɓulowa a gidajen mutane. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Wurin shi ne Love Canal, kuma shi ya haifi dokar 1980 da ake kira Superfund.

Wannan doka ba ta tsaya kan wanda ya zuba gubar ba. Tana iya kama mai filin na yau ta ɗora masa kuɗin tsaftacewa, ko da ba a haife shi ba lokacin da aka binne gangunan. A 1986 aka yi mata gyara, aka buɗe wa mai saye ƙofar tsira: ya nuna cewa kafin ya biya kuɗi ya yi duk binciken da ya kamata, kuma bai ga abin da zai sa shi zargi ba. Wato "ban sani ba" ba hujja ba ce. Hujja ita ce "na bincika, ga takardar". Ingila ma kusan haka take a dokarta ta muhalli ta 1990. Ana fara neman wanda ya gurɓata wurin, in an rasa shi sai a juyo kan mai filin ko mazaunin cikinsa. Sau da yawa kuwa rasa shi ake yi, don kamfani kan mutu ya bar fili a raye.

Tushen wannan duka wata tsohuwar ƙa'idar ciniki ce: mai saye ya buɗe idonsa. A ƙasashe da dama, mai sayarwa ba shi da ikon yi maka ƙarya idan ka tambaye shi, amma shirunsa kan abin da ba ka tambaya ba ba lallai ya zama laifi ba. Shi ya sa tambaya a rubuce take da daraja. Amsar da dillali ya ba ka da baki, iska ce. Masu fikihu ma sun san batun: aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, wanda ya gani ya yarda kuwa ba shi da ta cewa. Faransa ta juya lissafin. Tun 2006 dole mai sayarwa a yankin da ke da haɗari ya miƙa takardar da ke bayyana haɗarin, wadda ba ta wuce wata 6 ba, in ba haka ba mai saye na iya neman a warware cinikin ko a rage farashi. A ganina wannan ya fi adalci, don mai gida ya fi kowa sanin inda ɗakinsa ke yoyo.

A batun ambaliya, kalma ɗaya ce ke yaudarar mutane: "ambaliyar shekara 100". Sai mutum ya ji an ce an yi ta bara, ya ce to an huta sai jikoki. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, kuma ta bara ba ta rage wa ta bana komai ba. In ka tara shekara 30 a gidan, yiwuwar ta kai kashi 26 cikin 100. Da wannan ma'auni Amurka ke shata taswirar ambaliya, kuma tun dokar 1973 inshorar ambaliya wajibi ce ga mai karɓar bashin gida daga bankin da gwamnatin tarayya ke sa wa ido, in gidan yana cikin wannan yanki. Taswira dai takan tsufa. Kowane sabon gini da aka yi a sama da kai, ruwan da ƙasa ta daina sha kanka zai gangaro.

Zaizaya kuwa da lissafi ake mata. A jihar North Carolina ta Amurka, ƙaramin gida a bakin teku sai ya ja baya da ninki 30 na abin da teku ke ci a shekara, kuma ba ƙasa da ƙafa 60 ba. In yana cin ƙafa 3, za ka ja da ƙafa 90. Ko inda babu irin wannan doka, lissafin na aiki a bakin kogi ko kwazazzabo.

Sauran aikin na ƙafa ne. Ka je filin bayan ruwan sama mai ƙarfi, ba ranar da mai sayarwa ya zaɓa ba. Ka duba katangun maƙwabta, ruwa kan bar layi mai duhu daidai inda ya tsaya. In bango ya sha sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, tambayi dalili. Saiwar itace a waje da shingen da ya karkata suna nuna ƙasa na tafiya. Inda ciyawa ta ƙi fitowa alhali gefensa kore shar, ka tambayi tsofaffin unguwar me aka taɓa yi a nan: gidan mai, majema, wurin fasa batir, ko juji. Tankin man da aka binne kan ruɓe ya zuba a ƙasa, dalmar batir kuwa ba ta ruɓewa. In amsar ta sa ka shakka, a ɗebi ƙasa da ruwan rijiya a kai ɗakin gwaji, kuma lauyanka ya rubuta a yarjejeniya cewa ba za ka cika kuɗi ba sai sakamakon ya fito.