Waiwaye: Dokta Seuss da rigimar koyar da karatu a Amurka

An daɗe ana kai ruwa rana a Amurka kan yadda ya kamata a koya wa yaro karatu. Jihohi da dama sun yi dokokin da suka wajabta wa makarantun firamare komawa ga koyar da sautin haruffa, wato yaro ya san muryar kowane baƙi da wasali kafin ya haɗa su, kamar yadda ɗan makarantar allo yake bi ta babbaƙu ya wuce farfaru. Jihar Mississippi, wadda ta sake fasalin koyar da karatu tun 2013, ita ake yawan kafa hujja da ita. Rigimar ta haura shekara sittin, kuma wani marubucin waƙoƙin yara, Dokta Seuss, ya tsinci kansa a tsakiyarta tun daga farko.

An haifi Theodor Geisel a garin Springfield na jihar Massachusetts a 1904. Ya yi karatu a kwalejin Dartmouth, ya leƙa jami'ar Oxford ya baro ba tare da digiri ba, ya ci abinci da zanen tallace-tallace. Littafinsa na farko na yara ya fito a 1937, bayan kamfanonin ɗab'i fiye da ashirin sun ƙi shi. Da sunan Dokta Seuss duniya ta san shi.

A 1954 marubuci John Hersey ya koka a mujallar Life cewa littattafan da ake ba 'yan aji ɗaya ba su da armashi ko kaɗan, har ya ambaci Seuss cikin masu zanen da za su iya gyara lamarin. Shekara guda bayan haka Rudolf Flesch ya fitar da littafinsa Why Johnny Can't Read, wato "Me ya sa Johnny ba ya iya karatu", shi kuma hanyar koyarwar ya kama: ana sa yaro ya haddace siffar kalma sukutum, ya gane ta da ido, ba tare da ya san me haruffanta ke faɗa ba. Koke biyu ne daban, kuma abin da ya biyo baya ya nuna wanne aka fi saurara.

William Spaulding, mai kula da sashen littattafan makaranta a kamfanin Houghton Mifflin, ya miƙa wa Seuss jerin kalmomi 'yan ɗaruruwa waɗanda aka yi ittifaƙin ɗan aji ɗaya zai gane, ya ce ya rubuta labarin da yaro ba zai iya ajiyewa ba. Wannan jerin, a lura, ɗan gidan hanyar haddace siffa ne. Seuss ya zaci aikin 'yan makonni ne, sai ga shi ya ci watanni yana fama. Yadda shi da kansa yake ba da labari, da abin ya ishe shi sai ya ƙudurta cewa kalmomi biyun farko da ya tarar amonsu ya zo ɗaya, a kansu zai gina littafin. Ya ci karo da cat da hat, kyanwa da hula. The Cat in the Hat ya fito a 1957 da kalmomi daban-daban 236 kacal.

A nan nake ganin ba a tsaya an duba da kyau ba. Waƙa ba ta tafiya sai da amsa-amo, don haka kalmomin da ƙarshensu ya yi kama suka yi ta biyo juna a shafi. Yaron da ya ga baƙin farko kaɗai ne ya sauya, sauran na nan, ya fara kama sirrin haruffa ko da malami bai faɗa masa ba. Littafin da aka yi odarsa don hanya ɗaya sai ya buɗe wa ɗayar ƙofa.

Amma ina ya shiga? An buga shi iri biyu, na makarantu da na kantuna. Na makarantu bai yi kasuwar da aka sa rai ba, na kantuna kuwa iyaye suka yi ta rububinsa, cikin shekara uku an sayar da kusan miliyan guda. Gidan da ke da kuɗin littafi da mai karanta wa yaro da dare ya samu mafita, ajin da ɗan talaka ya dogara da shi ya ci gaba yadda yake. Nasarar littafin ta sa mutane da yawa sun ɗauka an warware matsalar, alhali koken Hersey kaɗai aka amsa.

Seuss ya ci gaba: Green Eggs and Ham a 1960 da kalmomi daban-daban 50, sai Hop on Pop a 1963, wanda kusan ɗungurungum atisayen sauti ne cikin waƙa. Ya rasu a 1991. A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa da aka ɗora wa binciken lamarin ya tabbatar da amfanin koyar da sautin haruffa bi da bi.