Siyasar usur ɗin kare: me ake nufi, kuma ya ake koyar da ita a sakandaren Amurka?

Akwai wani usur da masu horar da karnuka ke hurawa, kai mutum ba ka jin komai amma kare na ji tun daga nesa. Toh daga nan aka samo sunan wata irin siyasa, wato ɗan takara ya faɗi maganar da a fili babu launin fata a cikinta, amma waɗanda aka yi dominsu sun gane sarai. Kowa ya yi zagi a kasuwa ai ya san da wanda yake.

A 1980 Ronald Reagan, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Republican, ya je gundumar Neshoba a jihar Mississippi yana kamfen, ya ce ya yarda da "'yancin jihohi". Yaro ɗan shekara 16 zai karanta wannan ya ce toh meye a ciki, sai malami ya nuna masa cewa a gundumar nan ce aka kashe matasa 3 masu fafutukar yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe a 1964, kuma da kalmar nan gwamnonin Kudu suka daɗe suna kare wariya. Magoya bayan Reagan kuma har yau cewa suke rage ƙarfin gwamnatin tarayya kawai yake nufi, kuma dole ɗalibi ya ji wannan ma.

Sai tallar 1988 da masu goyon bayan George Bush babba, ɗan takarar Republican, suka saka da hoton Willie Horton, baƙar fata ɗan fursuna da aka ba hutun ƙarshen mako a Massachusetts ya je ya yi fyaɗe, don a nuna abokin takararsa Michael Dukakis, gwamnan jihar a lokacin, na da sassauci ga masu laifi. Ba jam'iyya ɗaya ba ce fa, ita ma Hillary Clinton ta jam'iyyar Democrat an daɗe ana mata gori kan yadda ta siffanta matasa 'yan daba a 1996. Obama kam a Honolulu aka haife shi a 1961, amma sai da surutun su Trump na cewa ba a Amurka aka haife shi ba ya sa ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a 2011.

Ni a ganina malami bai kamata ya yanke wa yara hukunci ba, ya kunna musu bidiyon ya tambaye su wa ya faɗa, a ina, a gaban su wa, me ya taɓa faruwa a wurin. Abin da ke damuna shi ne tun 2021 jihohi irin su Texas da Florida sun yi dokokin taƙaita koyar da batun launin fata, malamai da yawa yanzu tsallake darasin suke yi don tsoron rasa aiki.